DAGA GIDAN DARA ZUWA GIDAN GEM: Yaran Magariya da Dungas da sana'ar ƙera wasannin bidiyo

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan karin magana ya dace da wani al'amari da ya zama ruwan dare a garuruwan kudancin jihar Damagaram, wato wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem. Duk wanda ya ratsa ta bakin tasha ko bayan kasuwa da la'asar, ba zai rasa ganin wata rumfa ko ɗan shago da yara suka yi wa cincirindo ba. A ciki akwai talabijin ɗaya ko biyu, da benci, da akwatin wasa, a waje kuma ɗan injin wuta na ta ruri. Yaro biyu ke riƙe da linzamin wasa, goma na tsaye a bayansu suna ba da shawara. Akwatin daga Japan ya fito, wasan da ke ciki daga Japan ko Amurka ko Turai, maganar da ke fita a bakin ƴan wasan cikin allo kuwa Ingilishi ce ko Faransanci. Abin da ya fito daga garin shi ne kuɗin da yaran ke biya da lokacin da suke ɓatarwa.

Tambayar da ta kamata iyaye da malaman lakwal da hukumomi su yi ita ce: shin yaron da ya tashi da son wannan wasa zai iya zama mai ƙera shi? A wasu ƙasashe amsar ta riga ta bayyana, domin da yawa daga masu wannan sana'a da wasa suka fara. Ya dace a duba hanyar da suka bi, da abin da take bukata, da abin da zai iya tare ta a ƙasar Magariya da Dungas.

ƘASAR DA YARANTA

Gundumomin Magariya da Dungas suna kan iyakar Nijar da Nijeriya, suna fuskantar jihohin Katsina da Jigawa. Da can gunduma ɗaya ce, sai a shekarar 2011 aka yanke Dungas ta tsaya da kanta, tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Magariya ta riƙe Bande da Waca da Kwaya da Yekuwa da Sassumburum da sauransu. A ƙidayar jama'a ta 2012, Magariya ta haura mutum dubu 570, Dungas kuma ta haura dubu 350. Ƙasa ce ta noman gero da gyaɗa da wake, ga rake a fadamun Ƙorama, ga kuma cinikin iyaka, inda naira da sefa ke yawo a aljihu ɗaya. Ranar Alhamis hanyar Dungas kan cika da masu nufin kasuwar Maigatari.

A Nijar, kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 da haihuwa ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke jiran rabonta, kuma da an gama girbi samari kan kama hanyar cin rani zuwa Kano da Legas da ƙasashen arewa. Saboda haka duk wata sana'a da za a iya yi daga gida, wadda ba ta bukatar gona ko babban jari, ta cancanci a tsaya a auna ta da idon basira.

Yaran wannan ƙasa kuwa sun saba da ƙera abin wasansu tun fil azal. Da karan dawa suke yin mota, da gwangwanin madara da tsohon silifas su yi mata ƙafafu, da waya su lanƙwasa sitiyari. Ƴan mata su yi ƴar tsana, su shata gidan carafke a ƙasa. Manya kuma su haƙa ramukan dara a gindin bedi. A cikin waɗannan wasanni duka, mai wasa shi ne maƙerin kayan wasan, kuma yakan sauya doka in ya ga dama. Wasan bidiyo ne ya zo da sabon tsari: kaya a rufe, doka a rufe, yaro ya danna kawai.

YADDA WASAN YA SHIGO

Tarihin wannan wasa bai da tsawo ƙwarai. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Pong, wanda bai wuce sanduna biyu da ɗigo ɗaya da ke kai da komowa ba. Japan ta karɓa da Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980. A watan Yuli na 1983 kamfanin Nintendo ya fitar da akwatin gida mai suna Famicom, a 1985 kuma ya ɗora masa Super Mario Bros., wasan ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula. Kamfanin Sega ya biyo da Mega Drive a 1988, Sony kuma ya kawo PlayStation a watan Disamba na 1994.

Akwatunan asali tsada gare su, don haka abin da ya fi isowa kasuwannin Afirka ta Yamma shi ne kwaikwayon Famicom da masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta bugawa. Kasetocinsu kan zo da alkawarin wasa ɗaruruwa ko dubbai, alhali in an duba ƴan kaɗan ne aka yi ta maimaitawa da sauya suna. A cikinsu ne yara da yawa suka san Mario da Contra da wasan tankokin yaƙi da na harbin agwagi. Akwai kuma ƴar na'urar hannu mai batir biyu, mai wasan jera bulo, wadda ita ma kwaikwayo ce ta Tetris, wasan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Irin waɗannan kaya ta Kano suka fi biyowa, kamar yadda rediyo da kaset da fitilar hannu suka biyo.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijar a 2001, da ita kuma wani wasa ya shiga aljihun manya da yara, wato wasan maciji na wayoyin Nokia, wanda wani injiniyan Finlan, Taneli Armanto, ya tsara a 1997. Daga baya gidajen gem suka koma wasan ƙwallon ƙafa a kan PlayStation 2, inda ake biya a kowane wasa. A yau kuwa babbar wayar hannu ta zama akwatin wasan da ya fi kowane yaɗuwa. Wanda ba shi da kuɗin intanet yakan je wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi a ɗora masa, ko abokinsa ya tura masa daga waya zuwa waya.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Mutane da yawa na ɗaukar wasan bidiyo tamkar siddabaru, alhali lissafi ne da zane da kiɗa. Na'urar tana maimaita aiki huɗu ne, sau 50 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Da farko ta duba maɓallin da aka danna. Na biyu ta lissafa inda kowane abu ya kamata ya matsa. Na uku ta bincika ko wani abu ya taɓa wani, misali ko ƙafar jarumi ta sauka a kan maƙiyi ko kuwa maƙiyin ne ya riga taɓa shi. Na huɗu ta zana sabon hoto a allo. Saurin maimaitawar ne ke sa ido ya ga motsi. Tsallen Mario kuwa lamba ce da ake ƙara wa tsayinsa, sannan a riƙa rage ta kaɗan-kaɗan har ya dawo ƙasa. Ɗan kwalejin da ya iya tarawa da ɗebewa, ya kuma san yadda ake nuna wuri da lamba biyu a kan takarda mai gida-gida, ya riga ya riƙe bakin zaren.

Wani abin lura shi ne ƙarancin kayan aikin da masu wasannin farko suka samu. Dukan Super Mario Bros. bai wuce kilobait 40 ba, wato hoto ɗaya da ake ɗauka da wayar zamani ya ninka shi sau da yawa. Wannan ƙunci ne ya koya musu dabara. An sa wa Mario hula ne domin zana gashi mai motsi da wuya a ƴan ɗigogi kaɗan, aka sa masa gashin baki domin hanci ya fito ba tare da an zana baki ba. Gajimaren sama da ciyawar ƙasa a wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Yaron da ya taɓa yin ƙafar mota da tsohon silifas zai gane wannan hikima nan take.

WAƊANDA SUKA FARA DA WASA

Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ɗan ƙauye ne daga Sonobe, kusa da Kyoto. Yawon da ya yi yana yaro cikin dazuzzuka da koguna shi ya zama tushen wasan Zelda na 1986. Satoshi Tajiri kuwa da kamun ƙwari ya tashi, sannan ya kamu da son wasannin bidiyo har ya riƙa buga ƴar mujalla a kansu, daga nan ya kai ga Pokémon a 1996. Su biyun sun ɗauko abin da suka sani a yarinta ne suka zuba a cikin na'ura.

Daga baya sai aka samu wani rukuni da ake kira masu ƙera wasa masu zaman kansu, wato mutum ɗaya ko ƴan abokai kaɗan, ba tare da babban kamfani a bayansu ba. Daisuke Amaya na Japan ya yi shekara biyar yana aikin Cave Story a lokacin hutunsa, bisa salon wasannin da ya so yana yaro, ya sake shi kyauta a 2004. Markus Persson na Suwidin ya fara Minecraft a 2009, a 2014 kamfanin Microsoft ya saye shi da dalar Amurka miliyar biyu da rabi. Eric Barone na Amurka ya tashi da son wani wasan noma na Japan mai suna Harvest Moon. Da ya gama jami'a bai samu aikin da yake nema ba, sai ya zauna shi kaɗai sama da shekara huɗu, shi ne mai zane, shi ne mai kiɗa, shi ne mai rubuta umarnin kwamfuta, yana aikin dare a wani gidan kallo don ya samu na kashewa. A watan Fabrairu na 2016 ya fitar da Stardew Valley, wasan da ya ginu a kan shuka da ban ruwa da kiwo da zaman lafiya da maƙwabta, kuma an sayi miliyoyinsa.

Labarin Dong Nguyen na Biyetnam ya fi kusa da halin ƙasashe masu tasowa. Ya tashi a wani ƙauye kusa da Hanoi yana wasan Mario. A 2013 ya ƙera Flappy Bird cikin ƴan kwanaki, ɗan tsuntsu mai ratsa bututu, a kan wayar hannu. A farkon 2014 wasan ya zama na ɗaya a duniya, kuɗin talla na shigo masa kamar ruwa. Amma a watan Fabrairu na wannan shekara ya janye shi da hannunsa, domin a ganinsa mutane sun kamu da shi fiye da kima.

Sai dai kada mai karatu ya ruɗu da waɗannan sunaye. Kowace shekara dubban wasanni ke fita, mafi yawansu kuma ba sa mayar da ko kuɗin wutar da aka ƙona a kansu. Waɗanda aka ambata su ne suka yi fice, kuma abin koyi a wurinsu shi ne haƙuri da naci.

A AFIRKA DA NIJAR

Nahiyar Afirka ma tana da nata. Wesley Kirinya na Kenya ya fitar da Adventures of Nyangi a 2007. Eyram Tawia na Gana ya ƙera wani wasa a matsayin aikin kammala karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. A 2009 su biyun suka haɗu suka kafa kamfanin da aka sani da Leti Arts, suka riƙa gina wasanni da labaran zane a kan jaruman tatsuniyoyin Afirka, har da Ananse, wanda shi ne takwaran Gizo a ƙasar Ashanti. A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, da wasanni irin su Okada Ride, na ɗan kabu-kabu a cikin cunkoson birni.

A Kamaru, Olivier Madiba ya tashi da son wasannin Japan, ya daɗe yana ƙoƙarin ƙera nasa tare da abokai. A 2013 suka kafa Kiro'o Games a Yawunde. Suka tara jari ta hanyar sayar da hannun jari ga ɗaiɗaikun mutane da neman gudummawa ta intanet, suka yi fama da ɗaukewar wuta da ta yi ta jinkirta aikin, har a watan Afrilu na 2016 suka fitar da Aurion, labarin wani yarima da matarsa da aka yi wa juyin mulki suna neman komawa gadonsu. Teddy Kossoko na Afirka ta Tsakiya kuwa wasan gargajiya na ƙasarsu mai suna kisoro, na ramuka da ƙwayoyi, shi ya ɗora a kan wayar hannu.

Misalin da ya fi kusa yana Yamai. A can wani ƙaramin gidan zane mai suna MOGMedia Design ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda jaridu suka yi wa laƙabi da wasan bidiyo na farko ƙirar Nijar. Jaruminsa Shamsu daga hasken rana yake samun ƙarfinsa, abin da ya dace da ƙasar Farfesa Abdu Mumuni Diyoffo, wanda ya yi suna a binciken makamashin rana. Wannan ya nuna aikin mai yiwuwa ne a cikin ƙasa, da hannun ƴan ƙasa.

Akwai kuma darasi daga maƙwabta. Samarin Kano da suka tashi da kallon fina-finan Indiya a gidajen silima su ne suka ɗauki kamara a 1990 suka yi Turmin Danya. Daga wannan ƙaramin farko aka samu masana'antar fina-finan Hausa, wadda a yau ke ciyar da dubban mutane, kuma ake kallon kayanta a kowane ƙauye na Magariya da Dungas. Masu kallo ne suka rikiɗe suka zama masu shiryawa, kuma harshen Hausa ne ya ba su kasuwar da baƙi ba su iya shiga ba.

KAYAN AIKI DA ABIN DA KE TARE HANYA

Kayan koyon sana'ar sun yi araha fiye da kowane lokaci. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, an yi ta ne don yara: ana jera umarni kamar jera tubali, kyauta ce, akwai ta da Faransanci, kuma tana aiki ko babu intanet. Pocket Code, daga birnin Graz na Ostiriya, tana yin irin wannan aiki a kan wayar hannu. GDevelop, wadda wani Bafaranshe ya fara, tana ba da damar haɗa wasa ba tare da rubuta dogon umarni ba. Godot kuwa, wadda wasu ƴan Ajantina biyu suka saki kyauta a 2014, injin ƙera wasa ne na ƙwararru, ga shi mara nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na iya ɗaukarsa.

Amma matsaloli huɗu na nan tsaye. Ta farko wuta. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogara da lantarkin da ake jawowa daga Nijeriya ta Katsina, kuma jama'a sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da aka yanke shi daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa ma layin bai kai gare su ba, sai faifan hasken rana. Ta biyu kwamfuta, domin waya ta isa a fara koyo, amma aiki mai nisa yana bukatar allo babba da madannai. Ta uku harshe: littattafai da darussan wannan fanni mafi yawansu da Ingilishi suke, kodayake yaran iyaka, masu jin Ingilishin kasuwa daga Nijeriya, sun ɗara wasu a nan. Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce hanyar samun kuɗi. Shiga kasuwar Google Play na bukatar biyan dalar Amurka 25 da katin banki, sayen wasa a cikinta ma haka, alhali yawancin masu wasa a wannan yanki ba su da katin, kuma sun saba karɓar komai kyauta daga wayar aboki. Kasuwar wasannin bidiyo ta duniya ta haura dalar Amurka miliyar 180 a 2023, amma rabon Afirka a ciki ƙanƙane ne.

Shi ya sa gidajen ƙera wasa na Afirka da yawa ba su dogara da sayar da wasa kaɗai ba. Suna karɓar aikin kwangila daga ƙungiyoyi da kamfanoni, na wasannin koyarwa da faɗakarwa kan lafiya ko noma ko zaɓe, da kuɗin su riƙe nasu aikin. Har ila yau, wanda ya koyi ƙera wasa bai yi asara ba ko da wasansa bai sayu ba, domin ilimin da ya samu shi ne ake nema wajen rubuta manhajar asibiti da ta kanti da ta banki.

ME ZA A ƘERA?

Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan Magariya ba zai yi gasa da kamfanin da ke da ma'aikata dubu wajen wasan ƙwallo ko na tseren mota ba. Inda ya fi kowa shi ne abin da ke ƙofar gidansu.

A ɗauki dara. Gida 30 ne, layi biyar a jere shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa ɗaya, wanda kuma ƴaƴansa suka kasa uku an cinye shi. Dokokin ba su cika shafi ɗaya ba, zanen kuma ramuka ne da tsinke da tsakuwa. Ɗalibin lise mai himma zai iya ɗora wannan a kan waya don mutum biyu su kara. Aikin da ya fi wuya shi ne koya wa na'ura ta yi wasan da kanta, ta hango motsi uku ko huɗu a gaba. A nan dole matashi ya je ya durƙusa gaban tsofaffin gindin bedi, domin dabarun suna cikin kawunansu, ba a rubuta su a littafi ba.

Bayan dara akwai langa, akwai kokawa, wadda ake gasar takobinta ta ƙasa tun 1975. Akwai tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Akwai labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, wadda ke nan kusa a ƙetaren iyaka. Akwai tarihin ƙasashen Sosebaki, da Dungas da Waca ke cikinsu, da na Sarkin Damagaram Tanimun, da na Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899. Akwai tafiyar ayarin gishiri zuwa Bilma, inda lissafin ruwa da guzuri da kwanaki ke raba rai da mutuwa. In wasan noma ya sayu a Amurka, to wasan da zai sa yaro ya zaɓi ranar shuka bayan ruwan fari, ya raba gona tsakanin gero da wake, ya yanke shawarar sayar da gyaɗa da kaka ko ajiye ta zuwa bazara, zai yi ma'ana ga duk wanda ya tashi a wannan ƙasa.

Batun harshe ma ya ƙara nauyi. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma abin da irin waɗannan makarantu suka daɗe suna kuka da shi shi ne ƙarancin abin karantawa. Ƙaramin wasa mai koya haruffa, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ko mai koya jadawalin ninkawa da muryar Bahaushe, zai shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Masu jin Hausa kuwa miliyoyi ne masu yawa, daga Agadas har Kumasi.

DAMUWAR IYAYE

Iyayen da ke ƙin gidan gem suna da hujja. Akwai yaran da ke gudun lakwal da makarantar allo saboda shi, akwai masu taɓa kuɗin cefane, akwai wasannin da ke cike da zubar da jini, wani lokaci kuma caca kan shiga tsakanin ƴan kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a 2019, ta sanya kamuwa da wasan bidiyo fiye da kima cikin jerin cututtuka, wato idan ya kai mutum ya bar karatu da aiki da barci dominsa na tsawon lokaci. Ya wajaba masu gidajen su rufe ƙofa a lokacin lakwal da lokacin salla, su hana caca, su kuma zaɓi abin da ƙananan yara za su gani.

Amma hani kaɗai ba zai wadatar ba, tunda wasan ya riga ya koma cikin wayar da ke gidan kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka nuna wa yadda tsallen jarumi ke fita daga lissafi, zai dubi darasin lissafi da wani ido dabam. Ya kamata kuma a tuna da ƴan mata, waɗanda ba sa shiga rumfunan gem, amma suna iya zama gaban kwamfuta a cikin lakwal kamar kowa.

ABIN DA YA RAGE

Nijar ba baƙuwa ba ce wajen sa na'ura aikin koyarwa, domin tun 1964 ta fara talabijin na makaranta, tun ƙasashe da yawa ba su yi tunaninsa ba. Abin da ake bukata a yau bai kai wancan tsada ba: ɗaki ɗaya a kwaleji ko gidan matasa, da faifan hasken rana da batir, da kwamfutoci biyar ko shida ko da na hannu ne, da malami ɗaya da aka horar na ƴan makonni a kan Scratch. Makarantar horon malamai ta Damagaram za ta iya sa wannan cikin abin da take koya wa ɗalibanta. Jami'ar André Salifou da cibiyar koyon fasaha da ke cikinta za su iya tura ɗalibai lokacin hutu, su kuma shirya gasa tsakanin makarantun jihar. Cibiyar CIPMEN ta Yamai, mai renon ƙananan kamfanoni tun 2014, ta san hanyar da ake bi daga gwaji zuwa kasuwa. Ƴan kasuwar yankin da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, ba za su kasa sayen kwamfuta biyar ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙera wasa na bukatar mai lissafi, da mai zane, da mai kiɗa, da mai ba da labari, kuma duka huɗun ana samunsu a aji ɗaya na kowace kwaleji daga Bande har Malawa. Abin da ya rage shi ne manya su haɗa su a ɗaki ɗaya, su ba su wuta da lokaci. Allah ya shiryi zuri'a, ya sa albarka a abin da hannuwansu za su ƙera.